Lambata a Cikin Hularsa

Ina kan ɗinkin wuyan riga waya ta yi ƙara.
Daga babbar likita ne, in ji muryar,
Kalla Mato ya cika da asuba,
lambarka muka tarar a ninke cikin hularsa.

Na ce, wane Kalla?
Sai da na kira gwaggo a Miriya ta warware mini zaren:
kakarsa da kakata uba ɗaya, uwa kowa da tata.
Zumunta a ƙafa take,
ƙafata kuwa ba ta san ƙofarsa ba.
Sau ɗaya na gan shi, wurin wani suna a Garin Malam,
rana ta take, na matsa masa gefen tabarma.
Iyakar abin ke nan.

Mai riƙe da rajista ya turo mini biro.
Mene ne shi gare ka?
Na dubi layin, gajere ne, ba zai ɗauki kakanni biyu ba.
Na rubuta: ɗan'uwa.
Kalmar ta sauka kafaɗata kamar buhun hatsi.

Da almakashina na yanka likkafani.
Ban taɓa auna shi da rai ba.
Mu tara muka sallace shi,
huɗu daga ciki masu wucewa ne.

Kashegari ƙasa ta gama nata, takarda ta fara.
A mairi: kawo tambur, kawo shaidu biyu da katinsu,
mai sa hannu ya fita, dawo Litinin.
A kotu alƙali ya dube ni ta saman tabarau:
kai mai riƙo ne, ba mai ci ba.
Ko allura kada ta bar ɗakin
sai bashi ya sauka daga wuyansa,
sai an nemo masu haƙƙi.

Ɗakin yana Karkada, ƙarƙashin wani dutse.
Hajiya Tsahara ta ƙirga mini hayar wata biyar a yatsu.
Mai garuwa, jaka ɗaya da rabi.
Mai shayi ya ce ya yafe,
na ce, maimaita a gaban mutane biyu.
Ni da ban ci ladan kuturu ba,
ga ni riƙe da aska.

Ƙarƙashin gado, gwangwanin madara
cike da agogunan mutane.
Ashe gyaransu yake yi a bakin Kasuwar Dole.
Kowane da guntun takarda ɗaure da zare,
wani ya tsaya ƙarfe uku, wani goma saura.
Liman ya ce, waɗannan ba sa shiga rabo,
amana ce, mai ita yana raye.
Sati uku ina zaga Birni da Zango
da lokacin mutane a aljihuna,
ɗinkin salla yana jirana a kan keke.

Sai wata tsohuwar wasiƙa:
akwai ƴa, sunanta Baraka.
Wasu sun ce Arlit, wasu sun ce ta haye gaba.
Rabin abin da ya rage nata ne,
abin da ya rage kuwa:
rediyo, bargo, buta,
jaka goma sha ɗaya a cikin safa.
Na ba direbobin tasha sunanta,
na kulle kayan a akwatin aurena.

Matata ta ce, a duk Damagaram me ya sa sai kai?
Ban amsa ba.
Da dare na sake buɗe takardar hular.
A bayanta, da ajami mai rawar hannu:
yaron da ya matsa mini.

Agogo ɗaya ya saura, ba suna a jikinsa.
Yana tafiya har yanzu, da gaggawar minti bakwai.
Kullum da safe nake murɗa shi,
ban gyara masa lokacin ba,
ba nawa ba ne.